Ginshiƙin ƙofa ya karkata, ɗan kwangila ya ce a cike katangar da siminti: in sa hannu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da gyare-gyare a wani tsohon gidan masu sarauta da ke karkara a Northamptonshire, nan Ingila, wanda yanzu ake ba da hayarsa don bukukuwan aure. Na yi shekara tara ina aikin gini a Zariya kafin in zo, saboda haka kwaɓi da bulo ba baƙina ba ne, amma dutsen nan ban san halinsa ba. A bakin titi akwai ginshiƙai biyu na sassaƙaƙƙen dutse, kowanne da tulun dutse a kansa, su ke riƙe da ƙyauren ƙarfe, sai doguwar katanga da ta zagaye filin. Ginshiƙin hagu ya karkata har ƙyauren na jan ƙasa, kuma dutsen da ke ƙarƙashin tulun ya tsage, wani jan ruwa yana fitowa daga tsagar. Ita kuma katangar, duk bayan hunturu sai in tarar fuskokin duwatsu sun ɓare sun zubo. Wani ɗan kwangila ya ce zai wanke ta da injin feshin ruwa, ya cike tsakanin duwatsun da siminti mai ƙarfi, ya fesa maganin hana ruwa shiga, an huta har abada. Mai gida yana so in sa hannu kafin Nuwamba ta ƙare. 'Yan makaranta suna bi ta gindin katangar nan safe da yamma, wallahi barci ya ƙaurace mini. Ga shi kuma wani ya ce ana ɗaure mutum a kan taɓa irin wannan gini. Ka taimaka mini.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sa hannu. Zan zo kan dalili, amma yaran nan su ne farko.

Gobe da safe ka kafa shinge a gindin ginshiƙin da duk inda katangar ta yi ciki, ya zama tazararsa ta kai aƙalla tsayin ginin daga ƙasa zuwa sama. In hanyar da yaran ke bi ta hukuma ce, ka kira ƙaramar hukuma ka shaida musu, a rubuce, ka ajiye kwafi. Sannan ka buɗe ƙyauren, ka tokare bakinsa da katako ta ƙasa, ya daina rataya a jikin ginshiƙin. Ƙyauren ƙarfe irin wannan yana jan saman ginshiƙi dare da rana, shekara ɗari biyu yana yi, kuma da zarar ka sauke masa wannan nauyi ka rage haɗarin ƙwarai. Tulun da ke sama shi ne ya fi tsorata ni, tunda dutsen da yake zaune a kai ya tsage. Jan ruwan da kake gani tsatsa ce. Magina na da suna ɗaure duwatsu da maƙalan ƙarfe, su narka dalma su zuba a kewaye don kada ruwa ya kai gare su. In dalmar ta buɗe ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri ninkin-ba-ninkin na ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta fasa dutsen ta ciki. Ba a toshe wannan tsaga daga waje. Sauke tulun ake yi da na'urar ɗaga kaya, a ajiye shi a kan katako, a ciro ruɓaɓɓen ƙarfen, a sa na ƙarfe marar tsatsa a madadinsa. Ka duba gindin tulun da kyau idan an sauke. Wasu tulunan da zakunan da ke kan ƙofofin nan gasasshen yumɓu ne na masana'antar Eleanor Coade da ta fara aiki a Lambeth a 1769, sau da yawa akwai tambarinta a jiki, kuma gyaransu daban yake da na dutse.

Karkatar kanta ba ita ce hukunci ba. Na ga ginshiƙai da suka karkata tun zamanin kakannin masu gidan suka tsaya cak, na kuma ga wanda karkatarsa kaɗan ce amma tafiya yake yi. Abin da muke so mu sani shi ne ko yana motsi. Ka rataya igiya mai dalma a ƙasa daga wani tabbataccen wuri a sama, ka auna tazararta da gindin, ka rubuta da kwanan wata, ka maimaita duk wata. Ƙa'idar da ka sani a gini tana nan: ka raba faɗin gindin gida uku, layin nauyin ginin ya sauka a cikin kason tsakiya. In ya fita daga nan, gefe ɗaya ya fara buɗewa ke nan. Lissafin da ya haɗa da jan ƙyaure aikin injiniya ne, kuma ka nemi wanda ke cikin rajistar CARE, ta injiniyoyin da aka tantance a kan tsofaffin gine-gine. Injiniyan da bai saba da su ba, da ya ga harsashin da bai kai rabin mita ba sai ya firgita ya ce a rushe a zuba kankare. Ka kuma dubi abin da ya sauya a kusa: bishiyar da ta girma tana shanye ruwan ƙasa mai laka, musamman bayan rani mai tsanani irin na 2018 da 2022, ko magudanar da ta toshe, ko manyan motocin masu kawo rumfuna da abincin biki. Don keken doki aka gina ƙofar nan. Ka nemi sawun gogar mota a kusurwar ginshiƙin, ina kyautata zaton za ka samu.

Maganar ɗauri gaskiya ce, sai dai an faɗa maka rabinta. Dokar 1990 ta gine-ginen da ke cikin rajistar tarihi ta ce wanda ya rushe ko ya sauya irin wannan gini ta yadda zai taɓa siffarsa, ba tare da izini ba, ya yi laifi, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tarar da ba ta da iyaka. Kuma laifin yana hawa kan wanda ya yi aikin da wanda ya sa aka yi, don haka “mai gida ne ya ce” ba ta wanke ka. Ka shiga shafin Historic England, hukumar da ke riƙe da wannan rajista, ka nemi sunan gidan. Sau da yawa ƙofa da katanga suna da tasu rajistar daban. Ko ba su da ita, matuƙar gidan yana ciki, duk ginin da ke harabarsa tun kafin 1 ga Yulin 1948 ana ɗaukarsa wani ɓangare ne na gidan. Neman izinin kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma a ƙa'ida mako 8 ne a ba da amsa. A aikace kuwa abin takaici ne: an rage jami'an kula da tsofaffin gine-gine a ƙananan hukumomi sosai, sai ka ga mutum ɗaya yana riƙe da gunduma guda, ka aika wasiƙa ka yi wata ba amsa, katanga kuma ba ta jiran kowa. Duk da haka ka rubuta. Gyara na mayar da abu yadda yake, da irin kayan da aka gina shi da su, yawanci ba ya bukatar izini, amma jami'in ne zai tabbatar maka. Dokar kuma ta bar ƙofa ga aikin gaggawa don kare rai, da sharaɗin a yi iya abin da ya zama dole kawai, a kuma sanar da hukuma a rubuce da wuri. Sauke tulun nan zai iya shiga wannan. Ka ɗauki hotuna kafin da bayan.

To yanzu siminti. Nan zan daɗe, ka yi haƙuri, domin babu makon da zai wuce ban tsaya gaban katangar da aka kashe da wannan maganin ba.

Kuskuren yana farawa ne daga kalmar “ƙarfi”. Mu da muka taso a kan bulo mun saba cewa kwaɓi mai yawan siminti shi ne na kirki, mai rage siminti kuma maha'inci ne. A ginin bulo haka ne. Katangarka kuwa da farar ƙasa ƙonanniya aka gina ta, wadda magina a nan ke kira laim, kuma da gangan aka yi kwaɓin ya fi dutsen laushi. Ruwan sama yana shiga kowace katanga, ta sama, ta fuska, ta ƙasa, babu mai hana shi, balle katangar fili da ruwa ke dukanta ta fuska biyu. Abin tambaya shi ne ta ina zai fita. A kwaɓin laim, ta tsakanin duwatsu yake fita, domin nan ne ya fi sauƙin bi. Gishirin da ruwan ya ɗauko ma nan yake taruwa, nan ƙanƙara ke ci. A hankali kwaɓin ya zaizaye cikin shekaru masu yawa, a sake cikewa da arha, dutsen yana nan lafiya. Kwaɓin fansar dutse ne. Kuma in ƙasa ta ɗan motsa, laim yana bi, ya yi 'yan ƙananan tsagogi da yawa waɗanda wasunsu ke sake haɗewa da kansu.

Ka cike wannan hanya da siminti, ka juya lissafin gaba ɗaya. Siminti ya fi dutsen yankinku tauri nesa ba kusa ba. Northamptonshire dutsen farar ƙasa gare ta da wani ja-ja mai sinadarin ƙarfe, dukansu masu shan ruwa ne, jan nan kuwa har da farce kana iya kankare wani. Simintin ba ya bin motsin katanga, sai ya rabu da dutsen da siririyar tsaga kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita ta kwaɓi, sai ya bi ta cikin dutsen. Dutse ya jiƙe sharkaf, dare ya yi sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan ya daskare ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya tura fuskar dutsen waje. Rana ta fito ya narke, dare ya sake daskarewa, haka har hunturu ya fita. Ga gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, tayoyin mota suna fantsama shi a gindin katangar. Wannan ita ce ɓarewar da kake sharewa duk bazara. Ka je ka duba, ina da yaƙinin inda ta fi muni shi ne inda wani ya riga ya yi gyaran siminti shekarun baya.

Akwai wata katanga da aka kira ni in duba a wani gida irin naku. Daga nesa kamar saƙar zuma: layukan siminti sun fito zara-zara, lafiyarsu ƙalau, duwatsun da ke tsakaninsu kuwa sun lotsa ciki har ina sa yatsu uku a ramin. Na sa kurfi na ɓalle wani guntun simintin, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, shafa shi kawai aka yi a baki. Abin da ke bayansa ya zubo mini a tafin hannu, jiƙaƙƙen yashi mai sanyi, yana warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, alhali an yi mako biyu ba a yi ruwa ba. Taku ashirin daga nan akwai ɓangaren da kuɗin mai gyaran bai kai ba, an bar shi da tsohon kwaɓinsa. Kwaɓin ya ɗan zaizaye, amma duwatsun har sawun gatarin masassaƙi na nan a fuskarsu. Mai gidan ya tsaya yana kallon ɓangarorin biyu, ya kasa magana. Ni ma raina ya ɓaci, domin dutsen da ya riga ya ruɓe babu mai dawo da shi.

Kai da ka yi aiki a Zariya ka ga wannan da idonka. Gidan tubali da aka yi wa yaɓen siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara, shekara biyu uku yana kyau, sai ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata damina faifan simintin ya ɓallo gaba ɗaya, ka tarar ƙasar bayansa ta zama kunu. Magabatanmu da suke shafa makuba da laso sun san bangon ƙasa yana bukatar abin da zai bar shi ya bushe. Ciwo ɗaya ne, dutse dai ya fi jinkirin nuna shi.

Za a ce maka ai siminti ma tsohon abu ne. Joseph Aspdin, wani magini a Leeds, ya yi rajistarsa a 1824, amma bai kori laim daga hannun magina ba sai a ƙarni na 20, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake gaggawar gini kuma masu sanin tsohuwar sana'ar suka ƙaranta. Yawancin ɓarnar da muke kwancewa yau daga nan ta fara. Za a kuma ce maka “ɗan kaɗan za mu sa a cikin laim ɗin don ya kama da wuri”. Kada ka yarda da wannan ma. Ɗan kaɗan ɗin yana toshe ƙofofin iskar da laim ke bukata, a ƙare da kwaɓin da bai yi ƙarfin siminti ba, bai kuma yi numfashin laim ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu wannan magana sun san me suke yi. Siminti yana kamawa cikin kwana ɗaya, a karɓi kuɗi a tafi. Illarsa sai bayan shekara goma ko sha biyar take bayyana, lokacin babu mai tuna sunan wanda ya yi aikin. Mutum ya zo da mota mai fenti da rubutun “ƙwararru kan gyaran dutse”, bai taɓa jiƙa ɗanyen laim ba a rayuwarsa, ya sami mai gida da ke tsoron kashe kuɗi, ya sayar masa da “har abada”. Amana ce aka ci, ko da takardar kwangila ta cika.

Sauran magunguna biyu na ɗan kwangilar nan duk 'yan gida ɗaya ne. Injin feshi yana kankare fatar da dutse ya yi wa kansa cikin shekaru, ya wanke kwaɓin da ke da sauran rai, ya ɗura ruwa cikin katangar ana gab da shiga sanyi. Maganin hana ruwa kuma fuska kawai yake rufewa, ruwan da ke shiga ta sama da ta ƙasa ya taru a bayansa tare da gishiri, fuskar ta ɓallo faifai guda.

Abin da za a yi ya fi wannan sauƙi, ko da yake ya fi cin lokaci. A fara daga sama. Duwatsun da aka kifa a kan katanga su ne hularta, in sun goce ko tsakaninsu ya buɗe, ruwa yana zuba kai tsaye cikin cikinta, inda ƙananan duwatsu da kwaɓi ne kawai aka cusa tsakanin fuska biyu. Daga nan ciki ke fitowa. Gyaran hular kaɗai yana iya tsayar da rabin matsalarka. Sannan a bi katangar taku-taku a yi alama, domin ba ko'ina ke son cikewa ba. Tsohon kwaɓin da sai ka yi da gaske kafin ka ciro shi, a bar shi. Inda ya ruɓe a ƙwaƙule da hannu, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin tsagar. Kada injin yanka mai faifai ya kusanci ginshiƙan nan, tsakanin duwatsunsu siriri ne, wucewa ɗaya zai ci bakin dutsen. Tsohon siminti kuma a cire wanda ya saki. Wanda ya kama ƙam, in cire shi zai fasa dutse, a gwada a ƙaramin wuri tukuna, wani lokaci haƙuri ake yi har ya saki da kansa.

Game da kwaɓin, a ɗebi samfurin na asali daga can ciki a duba yashinsa da launinsa, a kwaikwaya. A kasuwa za ka ga laim na buhu mai lamba 2, da 3.5, da 5. Kada lambar ta ruɗe ka ka ɗauki babba. Mai lamba 5 ya yi wa dutsenku tauri, har 3.5 ma yana ci gaba da ƙara tauri fiye da yadda ake zato. A dutse mai laushi na fi son kwaɓin zafi, wanda ake haɗa ɗanyen laim da yashi a wurin aiki, ko mai lamba 2, gwargwadon yadda wurin ke shan ruwa. Ɗanyen laim yana tafasa in ya sha ruwa kuma yana makantarwa, tabarau da safar hannu dole ne. A jiƙa tsagar, a cusa kwaɓin a danne sosai, in ya fara ƙarfi a bubbuga shi da burushi mai tauri, ya koma ɗan ciki kaɗan da bakin dutsen. A rufe da buhun algarara mai laima, ya bushe a hankali. Kafin a ba kowa aikin, ya yi gwaji a murabba'in mita ɗaya, jami'in hukuma ya gani.

Wannan ya kawo mu ga Nuwamba. Laim iska yake sha kafin ya yi ƙarfi, makonni yake ɗauka, kuma ba a aikinsa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Wanda ya ce zai cike katangar fili a ƙarshen Nuwamba ya riga ya gaya maka da abin da zai cike ta. Hunturun nan na tokarewa ne, da aune-aune, da rubuta wa hukuma, da neman magini. Aikin kansa daga Afrilu zuwa Satumba. In akwai tsiron nan mai yaɗo a jikin katangar, kada a fizge shi da ƙarfi, yana tahowa da duwatsu, kuma daga Maris zuwa Agusta a duba sheƙar tsuntsaye, dokar 1981 ta hana lalata wadda ake amfani da ita. Jemagu ma suna kwana a ramukan tsofaffin katangu, su kuma kariyarsu ta fi tsanani.

Na san mai gida zai ce kuɗi. Ka gaya masa babu wanda ke gyara irin wannan katanga a shekara ɗaya. Ta gandun Petworth a West Sussex ta kai mil 14, kuma gidajen da suka riƙe nasu sun riƙe su ne da magini yana bi kaɗan-kaɗan, ya kai ƙarshe ya dawo farko. A ware mita talatin ko hamsin duk shekara, a fara da bakin titi inda yaran ke bi. Ka kuma tuna masa cewa in katangar ta faɗa wa wani, shi za a tambaya, kuma kamfanin inshora zai so ya ga abin da aka yi bayan an san da haɗarin. Ƙungiyar SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877 saboda irin wannan gyara mai kashe gini, tana da layin waya na ba da shawara kyauta. Ka kira su, ka sa shi ma ya saurara, wani lokaci mai gida ya fi jin magana daga bakin baƙo.

Ka aiko mini da hoton ginshiƙin ta fuska huɗu, da na tsagar kusa-kusa da tsabar kuɗi a gefenta don in ga girmanta, da awon igiyarka na farko. In tazarar ta ƙaru ko da milimita 3 ce kafin awo na biyu, ko ka ga sabon garin dutse a gindin ginshiƙin, kada ka jira amsata, ka kira injiniyan a ranar. Allah ya tsare yaran, ya ba ka ladan damuwar da ka yi da su.